Ni da Yaya Sada a Silimar Akara

Tun da muka dawo daga Gana ban samu na sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a bencin mai shayi na Ƙofar Sauri, sai wani ya matso ya ce, "Malam Lawal, wai da gaske ne abin yana fitowa daga bango?" In na fara bayani, wani ya iso a tsakiya, a ce in koma farko. Ran Juma'ar da ta wuce har a ƙofar masallaci wani dattijo ya riƙe mani hannu ya ja ni gefe. Na zaci rasuwa zai gaya mani, ashe shi ma tambayar ke nan. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, mai son ji ya karanta.

Tafiyar ba tawa ba ce, ta yayana ce, Yaya Sada. Wanda ya taso a Katsina lokacin da ake zuwa silima ya san shi ko bai san fuskarshi ba, don shi ne mai haska fim a tsohuwar silimar da yanzu ta koma shaguna. Idan fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa, shi ake zagi, shi ake jifa da ɓawon rake, shi kuma yana can sama a ɗan ɗakinshi yana liƙa fim da salatif. Da aka rufe silimar ya koma gyaran fanka da dutsen guga, amma har gobe in ka ce mashi mai gyara sai ya gyara maka magana, ya ce shi injiniyan majigi ne.

Shekaru sun yi nisa da yanar ido ta rufe mashi idon hagu, har ya yi fari. Ba wanda bai roƙe shi ba ya je a cire. Matarshi Hajiya Rabi ta yi kuka, likita ya yi bayani, liman ya sa baki. Amsarshi ɗaya ce: ba mai kawo wuƙa kusa da idonshi yana numfashi. Mu kuma tsoronmu shi ne na daman ma ya fara hazo-hazo.

Ɗiyarshi Binta tana aure a Akara. Mijinta Alhasan ɗan zango ne, wato unguwar Hausawan can, kakanninshi 'yan Katsina ne da fatauci ya kai can suka zauna. Da Binta ta haihu, Alhasan ya bugo waya ya gayyace mu suna, a ƙarshen magana kuma ya yi kuskuren cewa, "Baba, in ka zo zan kai ka wani silima, akwai fim na yaƙin sama jannati, kana sa tabarau abin yana fitowa har gaban hancinka."

Daga ranar Yaya Sada bai ƙara maganar jariri ba. Na ce mashi ai akwai irin wannan a Abuja. Ya ce na Abuja ba shi da jika a kusa da shi, ba abin da zai gaya wa Hajiya. Ita ƙafa ta hana ta tafiya, ni kuma malamin firamare ne, ana hutu, kuma ina jin Turanci. Haka aka ɗora mani yayana da wani ƙaton buhu na kayan jego: yaji, kuka, kanwa, busasshiyar kuɓewa, da daddawa mai yawan da za ta ciyar da unguwa.

Babbar bas muka shiga zuwa Legas. Buhun bai samu wuri a ƙasa ba, sai aka tura shi ƙarƙashin kujerarmu. Kafin mu kai Malumfashi rana ta buɗe, daddawa ta fara sanar da kanta. Wata mata a gabanmu ta waiwayo ta dubi takalmin Yaya, ta dubi nawa. Wani ya buɗe taga. Wani ya ce lallai akwai mai ɗauke da mushen kaza. Ni na sunkuyar da kai. Yaya Sada kuwa ya miƙe tsaye ya taya su faɗa, ya ce mutane ba su da tausayi, a riƙa shigowa da abu mai wari cikin motar jama'a. Da ya zauna na ce, "Yaya, ai namu ne." Ya ce, "Na sani. Kai dai ka ci gaba da toshe hanci."

A Funtuwa wani mai tallar magani ya shigo da jaka. Yana ganin idon Yaya ya zo ya tsaya a kanmu, ya fito da wata kwalba, ya ce tana maganin yanar ido, da basir, da ciwon baya, da mantuwa. Yaya ya tambaye shi a ina ake ɗigawa. Mutumin ya ce ya danganta da inda ke ciwo. Yaya ya ce to ya ajiye abarshi, shi ba zai sa a ido abin da wani ke sawa a wani wuri ba.

Legas ba mu ga komai ba sai bayan motoci. Daga nan muka shiga ƙaramar mota mai bin gaɓar teku, wadda za ta ratsa ƙasa biyu kafin Gana. A iyaka ta farko wani jami'i mai fara'a ya ce a buɗe buhu. Ya ɗaga kanwa ya juya, ya ce mene ne. Kafin in haɗa Turancin, Yaya ya gutsura ya sa a baki ya tauna, fuskarshi ta yamutse, amma ya ɗaga babban yatsa. Mutumin ya ɗauko kuka, Yaya ya lasa. Da ya zo kan robar yajin jego na ce mashi kada ya kai hanci. Ina jin bai gane Turancina ba. Ya buɗe ya shaƙa sosai. Atishawar da ya jera ban ƙirga ba, amma har hularshi ta faɗi, abokan aikinshi suka fito suna dariya. Da hannu ya yi mana alama mu ɗauke kayanmu mu tafi, daddawa ko kallonta bai yi ba.

Da muka shiga ƙasar masu Faransanci, Yaya ya ce in huta, nan yankinshi ne, don ya taɓa kwana uku a Maraɗi. Faransancin nashi kalma biyu ne, bonjur da marsi. A Kwatano muka tsaya cin abinci, ya je wurin wata mai burodi ya ce bonjur. Ta yi mashi wata doguwar tambaya, ya ce marsi. Ta sake wata, ya sake marsi. Sai ga shi ya dawo rungume da burodi shida, kowane tsawon hannun mutum, ga tauri kamar icen gatari. Ya ce rahusa ta yi mashi saboda iya harshe. Ɗaya ya yi sanda da shi har Togo.

A iyakar Gana ne aka duba katin rigakafinmu. Ma'aikaciyar lafiyar, wata dattijuwa mai tabarau, ta kalli Yaya ta ce da ni in gaya mashi aikin idon nan ƙanƙane ne, an yi wa babarta, ba ya kai tsawon cin abinci. Na buɗe baki zan fassara, Yaya ya ce, "Bar shi. Na ji daga muryarta. Ita ma da wuƙar ta zo."

Alhasan ya tarbe mu a tasha ya kai mu zango. Ɗaki ya kama mana a gidan maƙwabcinshi, mai katifa ɗaya da fanka mai ƙara. Kafin in cire takalmi Yaya ya kwance fankar ya baje ta a ƙasa. Ya gyara ta kuwa, ƙarar ta tafi, sai dai iskar ma ta tafi da ita.

Hausar mutanen can ta fi komai ba mu wahala, don ba ruwansu da mace da namiji. Alhasan ya ce, "Baba, Binta ya haihu lafiya, yarinya ya yi kama da kai." Yaya ya dube ni, ya ce a hankali, "Lawal, mi aka haifa ne?" Sai da aka miƙo jaririyar muka ga ɗan kunne kafin hankalinshi ya kwanta. Gaisuwarsu kuma gajera ce. Yaya zai fara da kwana, ya bi ta gajiya, iyali, aiki, yana shirin shiga sanyi da zafi, sai ya ga mutumin ya riga ya kai bakin titi.

Abinci kam sun iya. Wake da shinkafarsu ja ce, da karan dafi suke dafawa, sai a zuba taliya a kai, a zuba garin rogo, a sa ƙwai, a kawo wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Duk abin da mu za mu ci a kwana uku, su a faranti ɗaya suke tara shi. Wanda ya ba mu kunya shi ne dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ɓawon masara. Yaya ya kai loma ɗaya, ya kira Binta gefe ya ce, "In mijinki ba shi da hali ki gaya mani, ba a ba baƙo tuwon shekaranjiya." Ta yi dariya har sai da ta riƙe ciki, ta ce da zafinshi aka sayo, haka ake son shi.

An yi suna lafiya, yarinya ta ci sunan Hajiya Rabi. Washegari bayan azahar muka kama hanyar silima. A hanya Yaya yana ta kallon manyan hotuna da aka liƙa a bango, dattawa cikin kaya masu kyau, da rubutu da kwanan wata. Ya nuna wani tsoho mai murmushi ya ce, "Wannan da gani shi ne mugun fim ɗin. Yaushe za a nuna nashi?" Alhasan ya ce, "Baba, wannan ya mutu ne. Sanarwar jana'iza ne, ran Asabar za a yi, da kiɗa da rawa." Yaya ya sake duban hoton, ya ce Allah ya kyauta, amma dai fastar ta yi kyau.

Silimar tana saman wani katafaren kanti, kuma matakalar da ke kai mutum sama ita ke tafiya da kanta. Yaya ya tattare babbar riga, ya yi bisimilla, ya taka da ƙafar dama, ya bar ta hagu a ƙasa. Sai da ni da Alhasan muka ɗaga shi kamar buhun gero. A sama aka ba mu tabarau baƙaƙe da gugguru cikin kwali. Ciki sanyi kamar firji, kujeru masu laushi, ga rufi a sama. Yaya ya ɗaga kai ya ce su nan ko ruwa ake ba a tashi. Allon kuwa ya kai faɗin gidanmu har da zaure.

Yanzu ga abin da kuke ta tambaya. Labarin fim ɗin ban gane shi duka ba, don Turancinsu sauri gare shi kuma rabinshi ihu ne. Abin da na fahimta shi ne, a wata duniya can gaba teku ya bar ƙasa ya koma sama, yana rataye a kan wani birni kamar rumfa, mutane suna ƙasa cikin ƙishi suna kallon kifaye na wucewa a inda ya kamata a ga gajimare. Wata mata matuƙiyar jirgi ita ke hawa ta sato ruwa, wasu mutanen gilashi kuma suna gadin tekun. In aka harbe su sai su tarwatse, ɓaraguzan su tsaya cak a iska, su sake haɗuwa.

Amma ba labarin ne ya kama ni ba. Ana farawa, ɗigon ruwa ɗaya ya taso daga allon, ya taho a hankali, ya tsaya tsakanina da kujerar gaba, yana juyawa, ina ganin birnin duka a cikinshi a kife. Wallahi na miƙa hannu. Ni da nake koya wa yara cewa ruwa ƙasa yake gangarawa, na zauna baki buɗe ina kallon shi yana hawa sama, kuma zuciyata ta yarda. Da jirgin matar ya nutsa cikin tekun daga ƙasa, sai da na riƙe numfashi, na ji kujerar kamar ta karkata, alhali ba ta motsa ba. Tun ina yaro rabon da in ga abin da ban san da me zan kwatanta shi ba. Wannan shi ne daɗin abin, in kuna son gaskiya: na awa biyu ka koma wanda bai san komai ba, kuma ba ka jin kunya.

Kunyar daga baya ta zo. An kai wurin babban faɗa, aka fasa wani mutumin gilashi, wani tsini ya nufo idona kai tsaye. Ban san lokacin da na cire hula na kai mashi duka ba. Tsinin ban same shi ba, amma na sami ƙeyar wani mai sanƙo da ke gabana, gugguruna kuma ya tashi ya sauka a kan layi biyu. Mutumin ya waiwayo da tabarau a fuska, ni ma da tabarau, muka kalli juna kamar ɓarayi biyu. Na ba shi haƙuri da Turanci da Hausa. Ya ce ba komai, shi ma ɗazu ya shuri na gabanshi.

Duk wannan abin da ake, jama'a na sunkuyawa, mata na ƙara, Alhasan na salati, Yaya Sada yana zaune ƙyam, hannu a kan gwiwa, ko gezau. Har wani na bayanmu ya dafa shi ya ce wannan tsoho jarumi ne. Ni ma na yi alfahari da shi. Can ya matso kusa da kunnena ya ce, "Lawal, yaushe za a fara fitowar?"

Na ce, "Yaya, ai tun ɗazu ake fitowa."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Ya karɓi nawa ya gwada. Ya karɓi na Alhasan. Daga nan ya mayar mana da namu, ya jingina da kujera har aka kunna fitila.

Da muka fito ya ce shi sai ya ga mai haskawa, don akwai gyara a injinsu. Alhasan ya yi ta roƙo har aka haɗa mu da wata mata mai kula da wurin, Anti Esi. Da ta ji tsohon ma'aikacin silima ne daga Najeriya, ta kai mu ɗakin da kanta. Yaya ya shiga yana dube-dube. Ba faifan fim, ba almakashi, ba zafi, ba ma kujerar zama. Wani baƙin akwati ne kawai yana huci a hankali, da kwamfuta a gefe.

"Ina mai aikin?" in ji shi.

Na fassara. Ta ce ba kowa, ita ke latsawa da safe, injin ya yi sauran.

"In ya tsinke fa, wa ake zagi?"

Ta yi dariya ta ce ba ya tsinkewa. Sai ya gaya mata ƙorafinshi, cewa shi bai ga komai ya fito ba, hoto ne mai kyau ƙwarai, bai ga ɗinki ko ɗaya ba, amma a manne yake da bango kamar na kowa. Ta dube shi da kyau, sai ta daina dariya. Ta ce injin hoto biyu yake jefawa a lokaci ɗaya, ɗaya na idon dama, ɗaya na hagu, tabarau ke raba su, kai kuma ya haɗa. Ta rufe idonta ɗaya da tafin hannu, ta ɗaga kafaɗa.

Wannan karon bai hana ni fassara ba, amma kafin in gama ya riga ya gane, don maganar inji ce. Ya tsaya yana kallon akwatin. Ya ce, "Wato rabin fim na kalla."

Ya shafa gefen injin kamar mai shafa doki, ya yi wa matar godiya, muka sauko. A matakalar ma bai yi gardama ba.

Hanyar dawowa ni na sha ta. Tun daga Akara ya sa ni gaba: ɗigon ruwan nan, daidai ina ya tsaya? Da ka miƙa hannu mi ka ji? Tsinin ta dama ya zo ko ta hagu? Na faɗa a Togo, na maimaita a Kwatano, a Legas har da tashi tsaye ina nunawa. Sai da muka wuce Kaduna sannan ya ce, "Ita waccan matar ta bakin iyaka, mi ta ce game da idon nan?"

Sati biyu da dawowarmu aka yi aikin. Hajiya Rabi ta ce shekara da shekaru tana kuka bai ji ba, sai da mutanen gilashi suka yi magana. Ya shiga ɗakin aikin yana karanta duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Kafin in gama sallar walaha an fito da shi.

Ranar da aka cire bandejin, abin da ya fara cewa shi ne a buga wa Alhasan. Alhasan ya ce ai an sauke fim ɗin tun makon jiya, yanzu wani na soyayya ake nunawa. Na zaci Yaya zai yi faɗa. Bai yi ba, don hankalinshi na kan hannunshi, yana miƙa shi yana dawo da shi gaban fuska.

Ya ce ba zai hau babur ba, da ƙafa za mu koma. Tafiyar da ba ta kai rabin awa ba sai da muka yi awa biyu. Ya tsaya gaban mai lemu yana kallon tulin lemu. Ya tsaya ya kalli wata mai tallar fura tun daga nesa har ta zo ta wuce, har ta tsargu. Da muka biyo ta Gobarau ya ɗaga kai ya dubi hasumiyar, ya matsa dama, ya matsa hagu, ya ce shekara nawa yana wucewa nan, ashe ta yi gaba masallacin ya yi baya.

Muna shiga lungunmu wani zakara da aka koro daga wani gida ya taso sama yana fuka-fuki, ya nufo mu. Yaya Sada ya yi ƙasa da sauri har hularshi ta faɗa kwata, ya kama ƙafata. Zakaran ya wuce ta samanshi. Ya ɗago a hankali, gwiwa duk ƙasa, yana haki, fuskarshi cike da murna.

"Ka gani, Lawal?" ya ce. "Har gaban hancina."